Kyanwar Senti Goma: Nazari a Kan 'Yar Tsanar Yanka-ka-ɗinka

A ƙarshen shekarar 1892, gab da bikin Kirsimeti, kantunan yadi a Amurka suka shigo da wata haja da ido bai saba da ita ba. Rabin yadi ne na farin ƙyalle mara kauri, dangin alawayyo, an buga masa hoton kyanwa mai ruwan toka, amma ba a dunƙule take ba. An raba ta gida uku: ga gabanta da idanu da gashin baki, ga bayanta, ga kuma wani ɗan faifai mai ɗauke da tafin ƙafafunta. Kuɗinsa senti goma. Uwa ta saya ta kai gida, ta bi layi da almakashi, ta haɗa ta ɗinke, ta ɗura auduga ko tsumma, sai ga kyanwa zaune daram. Kusan 200,000 aka sayar a wannan kaka ɗaya.

Mata biyu ne suka ƙirƙiro ta a garin Ithaca na jihar New York, Celia Smith da 'yar'uwarta ta wajen aure, Charity Smith. Wani muzuru na gidan Celia suka kwaikwaya, mai suna Caesar Grimalkin, wanda Allah ya yi da yatsu bakwai-bakwai a ƙafafun gaba. Da aka zo zane sai suka mai da su biyar, ganin bakwai zai yi wa ido banbaraƙwai. Suka karɓi takardar mallakar ƙirƙira a watan Oktoba na wannan shekara, suka ba kamfanin buga yadi na Arnold Print Works da ke North Adams, a jihar Massachusetts, izinin bugawa, bisa yarjejeniyar senti ɗaya a kowane yadi. Da kamfanin ya ga ciniki ya buɗe, sai ya biyo baya da 'ya'yan kyanwa, da karnuka, da biri, da zomo.

Daga nan ne wani salo na kayan wasan yara ya bazu, wanda har yau bai mutu ba. Na kira shi yanka-ka-ɗinka, domin umarnin da ake bugawa a gefen ƙyallen ke nan a taƙaice. Haja ce da aka sayar da gangan a rabin aiki. Masana'anta ta ɗauki abin da inji ya iya, wato zane da launi da awo, ta bar wa gida abin da sai hannu, wato ɗinki da ɗuri. Alherin salon da aibinsa duk daga wannan rabo suka fito, kuma abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne hannun da fuska ta faɗa.

Kafin inji ya sa baki, 'yar tsanar tsumma ta gida ce tun daga kai har ƙafa. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wata da aka tono a Oxyrhynchus ta ƙasar Masar, ta zamanin mulkin Rumawa, tsakanin ƙarni na 1 da na 5 na Miladiyya. Da lilin aka ɗinka ta, aka cika cikinta da tsummokara da guntayen irin takardar da Misirawa ke yi da ciyawar bakin Nilu. A hadisi ma mun san labarin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, takan yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi (SAW). Abu Dawuda kuma ya kawo ranar da iska ta ɗaga labule Annabi ya ga kayan wasanta, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Da ya tambaya, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Ga kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, wadda ta ba da labarin yadda matan Madina ke yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura, don su shagala da shi idan yunwar azumi ta sa su kuka.

Tamu ta ƙasar Hausa ma haka take. Yarinya ta sami kara ko ƙashi ko totuwar masara, ta je gindin keken tela ta tsinto ƙyallaye, ta ɗaura wa abarta zane da kallabi, ta goya ta a baya. In ƙawaye sun taru a yi mata biki, har da tuwon ƙasa da kai amarya. Sau da yawa ba ido ba baki, kuma wannan bai taɓa hana bikin armashi ba.

Amma a duk inda uwa ta so 'yar tsanarta ta yi kama da wani abu, fuska ce ke ba ta kashi. Kusan kowace mace ta wancan zamani ta iya ɗinka 'yar jaka ta cusa mata tsumma. Wadda za ta iya zana idon kyanwa ya fito kamar zai ƙifta, ita ce ba ta da yawa. Wannan giɓin kamfanin Arnold ya gani ya cike.

Ba haka kawai abin ya faɗo a 1892 ba. Tun 1783 Thomas Bell ya yi rajistar injin da ke buga zane a kan yadi da nadin tagulla, wanda ke yin aikin mutane da yawa a wuni. A 1856 William Perkin ya gano rinin farko na sinadarai, launuka suka yi araha suka yawaita. Keken ɗinkin Singer, wanda aka yi wa rajista a 1851, ya riga ya shiga gidaje da dama kafin ƙarnin ya ƙare. A ɗaya gefen kuma, 'yar tsanar kanti mai kyan gani daga Jamus ake shigo da mafi yawanta, daga yankin Thuringia, kanta na tangaran, ga tsada ga saurin fashewa. Sai a saya wa yarinya, a kuma hana ta taɓawa. Ta ƙyalle kuwa a jefar, a taka, a kwana a kanta, ba abin da zai same ta.

Sai maganar dako, wadda ita ce ƙashin bayan cinikin. Wanda ya ɗauko ɗinkakkiyar 'yar tsana daga masana'anta zuwa kanti, rabin abin da ya biya wa kuɗin mota iska ce da auduga. Rabin yadi kuwa a ninke shi a sa a ambulan. Da gidan waya na Amurka ya fara kai wasiƙa har ƙofar gidajen karkara kyauta a 1896, matar manomi da ke nesa da kanti ta zama abokiyar ciniki. Kamfani kuma ya huta da biyan masu ɗinki, alhali ɗinki da ɗuri su ne masu cin kuɗi a wannan sana'a. Har yau mafi yawan dabbobin tsumma mutum ne ke zama a kan keke ya ɗinka su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masana'antunsu ke bin ƙasashen da lada ke da araha. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda shi ma yadi yake saye ya kai wa tela, wani yadin ma da zanen wuyansa ake bugo shi.

Akwai wata hanyar da ba a bi ta inji ba, kuma ta girmi kyanwar da shekaru goma sha biyu. A garin Giengen na ƙasar Jamus, Margarete Steiff, tela ce da shan inna ya zaunar a keken guragu tun tana ƙarama, ta ga awon wata 'yar giwa a mujallar ɗinki ta Modenwelt ta watan Disambar 1879. Ta ɗinka ta a 1880 da yadin ulu, da nufin matashin soka allura, sai yara suka ƙwace ta suka mai da ita abin wasa. Daga nan kamfanin Steiff ya tashi. Awon takarda siffa kawai yake ba ka. Yadi naka ne, launi naka ne, ido kai za ka sa. Bugaggen ƙyalle kuwa ya gama yanke hukunci a kan duk waɗannan kafin ya iso hannunka.

Wanda ya taɓa ɗinka irin wannan abu ya san dalilin da ya sa kusan dukkansu siffa ɗaya gare su, ƙato-ƙato, dunƙule-dunƙule, kamar an hana su miƙewa. Ana kifa gaba a kan baya ne, zane yana kallon zane, a bi gefe da ɗinki a bar 'yar ƙofa. Sai a tsattsaga bakin ƙyallen da almakashi a duk inda layi ya lanƙwasa, ba tare da an taɓa zaren ba, in ba haka ba idan an juya sai wurin ya tattare. Sannan a juyo cikin waje ta wannan 'yar ƙofa, a tura kusurwoyi da tsinke mara kaifi, a ɗura, a rufe da ɗinkin hannu. Juyin nan shi ne alƙalin zane. Ƙafa siririya ba ta juyuwa, dogon wuya yana karyewa idan an ɗura, kunne mai tsini yakan maƙale a ciki. Saboda haka mai zane na ƙwarai yakan manne hannuwa da jiki, ya naɗe wutsiya, ya bar inuwa da launi su nuna wa ido abin da almakashi ba zai iya yankawa ba. Hannun da ka gani a cikin 'yar tsanar zane ne kawai, ba ya ɗaguwa.

A nan ne gwanintar matan Ithaca take. Gaba da baya kaɗai matashin kai suke bayarwa, abin da ba ya tsayuwa sai an jingina shi. Yanki na ukun nan, faifan gindi, shi ya buɗe ƙasan ya ba kyanwar wurin zama. Ƙarin ɗinki kaɗan ne, wanda bai fi ƙarfin yarinya 'yar shekara goma ba, amma ya raba abin da ake runguma kawai da abin da za a iya ajiyewa a yi masa magana. Yawancin waɗanda suka biyo baya sun koma yanki biyu don sauƙi, kuma a ganina sun yi asara. Mafi munin zane a wannan salo shi ne wanda aka yi don ya yi kyau a shimfiɗe a kanti, ba a taɓa ɗura shi an gani ba: idan auduga ta shiga sai fuska ta baje, ido ɗaya ya nufi gabas ɗaya yamma, domin mai zanen ya manta cewa abin da ke kwance yau gobe zai kumbura.

A Ingila, kamfanin Dean's Rag Book, wanda aka kafa a Landan a 1903, ya shigo ta wata ƙofar. Littattafan ƙyalle ya fara yi wa jarirai, masu wankuwa, waɗanda ba sa yagewa. Tambarinsa ma karnuka biyu ne suna jan littafi ɗaya da haƙora. Ba da jimawa ba ya shiga buga 'yan tsana a shimfiɗe. Abin da Dean's ya gane shi ne ƙaramin yaro da baki yake karatu, don haka rinin da ba ya zuba ya fi kyan zane muhimmanci.

Sai 'yan talla suka farga. Idan ana iya aika 'yar tsana a ambulan, ai ana iya aika tambarin kamfani a siffar 'yar tsana. Tun farkon ƙarni na 20 masu garin fanke na Aunt Jemima suka fara cewa a yanko 'yar takarda daga kwalinsu a haɗa da 'yan senti a aiko, su kuma su turo ƙyalle: ita Aunt Jemima, da mijinta Uncle Mose, da 'ya'yansu Diana da Wade. Masu Cream of Wheat suka fito da kukunsu, Rastus. Kellogg's kuma a tsakiyar shekarun 1920 ya buga wata yarinya ta tatsuniyar Turawa da dabbobinta uku, kowanne da sunan kamfani a jikinsa. A duba lissafin da kyau. Uwa ta sayi garin, ta biya kuɗin ƙyallen, ta kawo zarenta da audugarta, ta ɓata darenta tana ɗinki, sannan ta miƙa wa ɗanta allon talla ya kwana da shi a ƙirji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce wayon kasuwa ne. Amma wace fuska aka bugo? Aunt Jemima, wadda aka fara sayar da gari da sunanta a 1889, daga wasannin da farare ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata aka ɗauko ta. Siffar baiwar gidan farare ce, mai ɗankwali, mai dariya kullum, wadda ba ta da wani buri sai ta ciyar da iyayen gijinta. Nancy Green, matar da aka ɗauka ta riƙa fitowa a matsayinta, a cikin bauta aka haife ta a Kentucky, kuma a babban bajekolin Chicago na 1893 ta yi suna, bajekolin da aka nuna kyanwar Ithaca a cikinsa. Shi kansa kamfanin Arnold ya buga wasu 'yan aljanu na mai zane Palmer Cox, goma sha biyu a yadi ɗaya, a cikinsu da Basine da ɗan Ailan da Ba'indiyen Amurka, kowanne da kamannin da ake yi wa mutanensa ba'a da su. Matar da ta ɗinka waɗannan ba ita ta zana ba, wataƙila ma ko a ranta ba ta kawo komai ba. Amma da hannunta abin ya shiga gidan, kuma saboda ita ta ɗinka, ya sami wata daraja a idon yaro da kayan kanti ba su da ita. Sai a 2020 kamfanin da ya gaji sunan Aunt Jemima ya sanar zai yar da shi, a 2021 ya sauya shi da Pearl Milling Company.

Mai cewa ai wasan yara ne, ya tuna da gwajin da Kenneth Clark da matarsa Mamie suka yi a shekarun 1940. Sun ajiye wa yara baƙaƙe 'yan shekara 3 zuwa 7 'yan tsana iri ɗaya, launin fata da na gashi kawai ya bambanta, suka tambaye su wadda suka fi so. Mafi yawansu fara suka nuna. Ba 'yan tsanar ƙyalle ba ne, amma tambayar ɗaya ce, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin Clark a hukuncinta na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata.

Lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930, salon ya sauka har kan buhu. Masu fulawa da sukari da abincin kaji sun lura mata na farke buhunan auduga suna yin riguna da su, sai suka fara buga musu furanni, wasu kuma suka buga 'yar tsana a bayan buhun. Wannan kam na fi yi masa uzuri. Talla ce, amma ƙyallen ya riga ya shigo gida, ba a ƙara ko sisi ba.

To, wa ya kamata ya mallaki fuskar? Akwai al'ummomin da suka amsa da cewa a bar ta fayau. 'Yan Amish na Pennsylvania da Ohio an san su da 'yan tsana marasa ido da baki. Wasu na danganta hakan da hanin yin gumaka, wasu da cewa kowa ɗaya ne a wurin Ubangiji. Makarantun Waldorf, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Stuttgart a 1919 bisa koyarwar Rudolf Steiner, ɗigo biyu da ɗan layi kawai suke yarda da su, don yaro ya sa wa abarsa kuka yau, dariya gobe. Malamanmu kuma sun daɗe da tattauna wannan. Da yawansu, ciki har da Alƙali Iyal na mazhabar Malikiyya, sun fitar da 'yan tsanar yara daga hanin yin siffofi, bisa hujjar hadisin Nana A'isha, wasu kuma sun fi natsuwa da wadda ba a fayyace mata kamanni ba. Dalilan ukun ba ɗaya ba ne, amma sun haɗu a wuri guda, kuma ni ma nan na karkata. Bugaggiyar fuska murmushi ɗaya gare ta har ta tsufa. Yarinyar da ke wasan jinya tana bukatar mara lafiya, ita kuwa wannan sai washe baki take yi.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen, kuma mai nauyi ne. Idon da aka buga ba ya cirewa. Uwar da ta ƙi bugaggen ƙyalle ta ce za ta yi nata, sau da yawa maɓalli take ɗinkawa a matsayin ido, ko dutsen ado, kuma su ne ainihin abin da ke maƙale wa yaro a maƙogwaro. Dokar kayan wasa a Amurka da Turai tana da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ba a yarda ya kasance a jikin abin wasan yaron da bai kai shekara uku ba, ko ya iya ɓallewa daga jikinsa. Ido ko dai a buga, ko a yi shi da zare. Haka dogon zare ko ƙyallen ɗaure wuya, yana iya naɗe wuyan mai shi. Abin ɗuri ma da magana. Shinkafa da wake da gero suna ba da nauyi mai daɗin riƙo, amma suna kiran ƙwari, suna ruɓewa idan ruwa ya taɓa su, idan ɗinki ya farke kuma sai hanci da kunne. Audugar rimi da muka sani a matashi tana da laushi, amma wuta na kama ta nan take, abin lura ne a gidan da ake girki a tsakar gida. Likitocin yara kuma sun yi ittifaƙi cewa jaririn da bai cika shekara ba, kada a bar masa wani abu mai laushi a inda yake barci, komai kyansa.

Ana yawan tallata waɗannan ƙyallaye da cewa aiki ne na yi tare da yara. Gaskiyar magana, ɗan shekara uku ba ya yanka bisa layi, ba ya riƙe allura. Rabonsa shi ne ɗuri, kuma ba ƙaramin rabo ba ne. Shi ke yagar auduga yana turawa, yana ganin abu shimfiɗaɗɗe yana tashi a hannunsa, ya san abin da ke cikin cikinta tunda shi ya sa. Sai wajen shekara shida ko bakwai yaro ke iya bin layi da babbar allura, wani babba na zaune kusa. Wanda ya ɗora wa ƙaramin yaro fiye da haka, ƙarshenta shi zai ƙarasa aikin cikin fushi, yaron kuma ya tafi wasansa.

Kada kuma mai ɗinki ta sa ran godiya daidai wahalarta. Harry Harlow ya nuna a 1958, a wani gwaji mara tausayi da ya yi da jariran birai a Jami'ar Wisconsin, cewa sun fi manne wa uwar ƙarya ta ƙyalle a kan ta waya, ko da ta wayar ce ke da madara. Donald Winnicott, likitan yara a Ingila, ya yi rubutu a 1953 a kan wannan tsumma ko 'yar dabba da yaro ke liƙe wa lokacin da ya fara gane cewa shi daban uwarsa daban. Ya lura cewa yaron ne ke zaɓa, kuma iyaye kan koyi barin abin da dauɗarsa da warinsa, domin wanki na iya raba su. Laushi da wari da sabo, su yaro ke bi. Yana iya barin kyanwar da aka kwana ana ɗinka masa ya rungumi tsohon ɗankwali. Yadda za a daidaita wannan da tsabta kuwa, kowace uwa da dabararta. Wasu biyu suke ɗinkawa iri ɗaya suna musanyawa.

Roba da ɗinkakkun kaya masu araha daga Asiya sun ture salon gefe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ko da yake kamfanoni irin su Cranston Print Works sun ci gaba da buga shi ga masu ɗinkin sha'awa. Abin da ya sake hura masa rai shi ne bugun kwamfuta. A da sai an sassaƙa nadin tagulla ga kowane launi, don haka sai mai buga dubban yadi ne ke da ikon zaɓar fuska. Tun da irin su Spoonflower suka fara aiki a jihar North Carolina a 2008, mutum na iya aika zanensa ta intanet a bugo masa ko da ƙasa da yadi ɗaya ne. Yanzu uwa na iya bugo yarinya mai kitso da lalle, ko ta bar wurin fuska fari, ko ma ta ɗauki hoton dodon da ɗanta ya zana da hannunsa a bugo shi gaba da baya. Wannan ne karo na farko da rabon 1892 ya sauya.

A wajenmu, damuwa da fuska ba baƙuwa ba ce. Ita ta sa Taofick Okoya ya fara 'yan tsanar Queens of Africa a Legas a 2007, ita kuma ta sa Haneefah Adam ta Ilori ta shiga ɗinka wa Barbie hijabi da abaya tana nunawa a Instagram. Amma bugaggen ƙyallen yanka-ka-ɗinka ba haja ce da aka saba gani a Kantin Kwari ba, kuma dalilin lissafi ne. A Amurkar 1892 bugu ne mai araha, hannu ne mai tsada. Mu namu a juye yake. Masaƙun Kaduna, waɗanda suka fara da masaƙar KTL a 1957, yawancinsu sun rufe a cikin shekarun 2000, yadin da ke kasuwa mafi yawansa shigo da shi ake yi, bugu na musamman kuma sai mai hali. Teloli kuwa ga su a kowane lungu, kuma kowace yamma ana share guntayen atamfa da shadda daga gindin kekensu a zubar. Telan da ya tara waɗannan zai iya fitar da ɗinkakkiyar 'yar tsana a ƙasa da kuɗin bugun ƙyallenta. Abin da ya rage masa shi ne awo mai kyau a kan kwali, mai yanki uku, wanda wani ya riga ya ɗura ya ga yana zama.